In shiga gild ɗin da ya gayyace ni, ko mu kafa namu na 'yan fada?

Salam ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, rezo ne ya hana ni zama in amsa a tsanake. Ka ce wata biyu kenan kana buga Albion Online a waya, wani gild, wato ƙungiyar 'yan wasa a cikin wasan, ya gayyace ka amma sun ce akwai haraji kashi 10 cikin 100 na azurfar da ka tsinta, wato kuɗin cikin wasan, dole ka shiga Discord, manhajar hira da murya, dole ka halarci kiran yaƙi sau biyu a sati, kai kuma abin ya maka kama da bauta, shi ne kake tunanin ku kafa naku da 'yan fadarku na Sabon Gari tunda ku bakwai ne masu bugawa. Toh bari in faɗa maka abin da na sani, na shekara sama da goma cikin wannan harka, tun lokacin da nake tsaron sibar a Zango ina buga World of Warcraft bayan an rufe, na zama ɗan gild, na zama ma'aji, na riƙe shugabanci, kuma gild ɗaya ya mutu a hannuna.

A taƙaice: ka shiga nasu tukuna, naku ya jira. Amma kafin ka shiga akwai abu ɗaya da za ka bincika, kuma harajin nan ma ba shi ne damuwata ba. Ka bincika yadda suke raba ganima da wanda ke riƙe da makullin asusu. Duk gild ɗin da na ga ya watse, ban da waɗanda gajiya ta kashe, a nan ya tsage.

Ka san yadda fada take ai. Ana zama, ana dafa shayi, kowa na kawo ɗari biyu ɗari uku na sukari da gawayi, akwai shugaba akwai mai riƙon kuɗi, in ɗayanku zai yi aure ko suna a tashi a yi masa hidima. Fada ba ta watsewa don shayi bai yi daɗi ba, tana watsewa ranar da aka ce kuɗin adashe sun yi ƙafa ko an yi wa wane gudummawar jika goma an yi wa wane jika biyu. To gild fada ce mai rumbu, bambancin kawai mutanen ba ka taɓa ganin idonsu ba, kuma wanda ya ci amana ba za ka haɗu da shi a kasuwa ko masallacin Juma'a ya ji kunya ba, suna kawai zai canza.

Bari in koma baya kaɗan ka ga inda al'adun nan suka samo asali, don ba shugaban gild ɗinku ne ya ƙirƙire su don ya takura maka ba. Wasannin nan kakansu wani wasa ne na rubutu zalla da ake kira MUD, wasu ɗalibai biyu Roy Trubshaw da Richard Bartle suka fara shi a jami'ar Essex ta Ingila a 1978, babu hoto ko ɗaya, sai ka rubuta "tafi arewa" kwamfuta ta gaya maka abin da ka tarar. Daga baya aka samu Ultima Online a 1997, sai EverQuest a 1999, kuma a EverQuest ɗin ne aka saka dodanni waɗanda mutum ɗaya ko biyar ba za su iya kashewa ba, sai an yi gayya. Daga nan matsalar ta taso: mutum da yawa sun kwana suna fama, dodo ya faɗi, ya zubar da 'yan kaya biyu uku. Wa zai ɗauka? Wani gild mai suna Afterlife ne ya fito da tsarin maki a 1999, wanda har yau ake ce masa DKP, ma'anarsa makin kashe dodo. Duk ranar da ka zo gayya ana rubuta maka maki, in kaya ya faɗo wanda ya fi maki ya saya da makinsa ya koma baya a layi. Kaga adashe kenan sak, kowa na zubi, kwasa na zagayawa.

Da World of Warcraft ya fito a Nuwamba 2004 abin ya ƙara girma, har masu biyan kuɗin wata suka kai miliyan 12 a 2010. Babban harin farko, Molten Core, mutum 40 ake shiga, kuma dodon da kuka kashe ba ya dawowa sai sati ya zagayo. Ka yi tunanin tara mutum 40 a lokaci ɗaya, kowa da matarsa da aikinsa da rezonsa, su zauna awa uku huɗu, a ƙarshe mutum talatin da wani abu su tashi hannu wofi. Abin da zai sa su dawo sati mai zuwa shi ne sun yarda cewa layi na tafiya kuma zai iso kansu. Ranar da suka daina yarda, shikenan.

Ni na gani da idona, a gild na biyu da na shiga, na masu Faransanci ne, akwai 'yan Faransa, 'yan Beljiyam, 'yan Maroko biyu, sai ni kaɗai daga nan. Ba ma amfani da maki, majalisa ce ta manya mutum huɗu ke yanke wa za a ba kaya, wai don a ba wanda zai fi amfanar da gayya. A takarda tsari ne mai kyau wlh, ya ma fi na maki hankali, don maki na iya ba rago takobi saboda kawai ya daɗe. Wata rana wani makami ya faɗo wanda wani bawan Allah ya yi wata huɗu yana jira, bai taɓa fashin hari ba, ranar da aka yi masa haihuwa ma sai da ya leƙo ya ba da haƙuri. Majalisa ta yi shiru minti biyu a ɗakinsu na daban, suka dawo suka ba ƙanen shugaba wanda satinsa uku da shigowa. Babu wanda ya yi magana a murya. Mutumin ya rubuta "barka" kawai, aka gama harin lafiya lau. Da safe na shiga na tarar mutum tara sun fita, cikinsu har da tankinmu na biyu, wato mai shiga gaba ya sha duka, da masu magani biyu, wato masu warkar da 'yan gayya, kuma kafin sati biyu ba ma iya cika mutum 25. Makami ɗaya, wanda bayan wata shida ma ya zama tarkace da aka sabunta wasan.

Shi ya sa nake cewa kafin ka danna amincewa ka tambaye su kai tsaye: in mun kashe mutane a baƙin yanki, wato inda ake kwashe kayan wanda aka kashe, kayan da aka kwasa ina suke zuwa? Ana sayarwa a raba daidai, ko suna shiga rumbun gild? In rumbu suke shiga, wa ke iya buɗewa, kuma ana nuna lissafi? In sun amsa maka a sarari, ko da tsarin bai maka daɗi ba, mutanen kirki ne. In suka ce "kar ka damu mu 'yan'uwa ne a nan" ka ɗaura takalminka.

Yanzu harajin da ya tsaya maka a rai. A Albion harajin gild ana cire shi ne kai tsaye daga azurfar da ka tsinta a ƙasa bayan ka kashe dodanni, shugaba ne ke sa adadin. Kashi 10 ba wani abu ba ne. Abin tambaya shi ne me ake yi da shi. Ka riga ka sani a jan yanki da baƙin yanki in aka kashe ka komai na jikinka ya tafi, wasu kayan su lalace wasu maƙiyi ya kwashe, har dokin. Gild mai tsari yana da abin da suke kira rigiya, wato in ka mutu a yaƙin da gild ya kira, sanye da kayan da aka ce a sa, za ka tura hoton mutuwarka a mayar maka da kaya daga rumbu. Harajinka ne ke dawo maka ta nan. Sannan maɓoya, wato sansanin gild, da yankunan da gild ke riƙewa suna cin kuɗi da abinci kullum. Don haka in akwai haraji akwai mayar da kaya, ciniki ne mai kyau musamman ga sabo irinka da zai mutu sau ba adadi kafin ya iya. In akwai haraji babu mayarwa, babu maɓoya, babu lissafi, shugaba kuma kullum yana yawo da kaya masu daraja ta 8, wato mafi girma a wasan, toh ka gane wa kake yi wa noma.

Maganar makulli kuma, a nan ne na sha nawa. Lokacin da na zama shugaba akwai wani yaro mai ladabi, kullum shi ne farkon zuwa, shi ke koya wa sababbi, in an ce wa zai tara ganyen magani shi ne. Wata uku na ba shi matsayin da ke buɗe dukkan aljihunan rumbu don ina gajiya da rabon kaya. Wata Asabar na dawo daga ɗaurin aure a Mirriya na kunna kwamfuta na tarar rumbu fayau, abin da muka tara kusan shekara, ya bar mana kifi guda ɗaya a aljihun farko, inaga don izgili. Laifina ne ba na kowa ba, wasan ya ba ni damar in sa iyaka kan abin da kowane matsayi zai iya ɗauka a rana, ban sa ba don ina jin nauyin ya ga kamar ban yarda da shi ba. Kunyar nan tamu ta Hausawa, wadda ke hana ka ƙirga canji a gaban mai shago, a gild tana kashe mutum.

Kuma kar ka ce ni ne sakarai, manya sun sha fiye da haka. A EVE Online, wasan jiragen sama jannati na kamfanin CCP da ke Aisland wanda ya fito a 2003, cin amana ma halal ne a dokar wasan. A 2005 wata ƙungiyar 'yan kwangila ta shafe kusan shekara tana cusa mutanenta cikin wani kamfanin 'yan wasa, wato gild ɗin can, har suka kai manyan muƙamai, rana ɗaya suka kashe shugabar suka kwashe rumbunan. A Fabrairu 2009 ƙawancen Band of Brothers, wanda shi ne mafi ƙarfi a wasan na tsawon shekaru, mutum ɗaya daga cikin daraktocinsa ya koma wajen abokan gaba ya danna maɓallin rushewa, dubban mutane suka wayi gari ba su da ƙasa. Sai kuma yaƙin wani yanki na wasan mai suna B-R5RB na Janairu 2014, wanda aka yi awa 21 ana gwabzawa, manyan jirage da ake kira Titan guda 75 suka ƙone, asarar da aka ƙiyasta ta kai wajen dala 300,000 ta Amurka in an juya ta kuɗin gaske. Ka san me ya tayar da shi? Kuɗin hayar yanki ne ba a biya ba a kan lokaci. Aikin ma'aji. Duk jarumtar da ake ji, abin da ke ƙasa lissafi ne da amana.

Toh me ya sa na ce kar ku kafa naku yanzu, alhali ku kun san juna, matsalar amana ba ta taso ba? Saboda ku bakwai duk sababbi ne, kuma akwai ilimin da ba ya cikin bidiyon YouTube, sai ka tsaya a bayan wanda ya iya. Yaƙin taro a Albion akwai mai kira, mutum ɗaya ne ke magana, ya ce ku taru a kaina, ku ja baya, yanzu ku zuba, kuma daƙiƙa biyu tsakanin "yanzu" da zubawarku ita ce bambancin ku share su ko su share ku. Wannan sai ka ji shi a kunne sau hamsin kafin jikinka ya ɗauka. Shi ya sa suka nace da Discord, ba don su ji muryarka ba, yawanci ma ba a son ka yi magana lokacin yaƙi, kunne ake so. Mu a zamaninmu TeamSpeak ne da Ventrilo, Discord sai 2015 ya zo. Ka sayi ekuter mai kyau ko na jika biyu ne, kuma ka rufe makirfonka, don na taɓa barin nawa a buɗe mutum ashirin da huɗu suka sha kukan akuyar maƙwabta da sallamar mai kabu-kabu har aka yi min laƙabi da ita.

Na biyu, gild na mutum bakwai a wasa irin wannan yana mutuwa ne da shiru. Gild a Albion na iya ɗaukar mutum 300, kuma dalilin da ya sa ake son yawa shi ne duk lokacin da ka shiga ka tarar da wani a ciki. Ku bakwai, unguwa ɗaya, layin wuta ɗaya, rezo ɗaya. In wuta ta ɗauke a Sabon Gari gild ɗinku gaba ɗaya ya ɗauke. In lokacin jarabawar bak ya zo uku sun ɓace, damina ta zo ɗaya ya tafi gona, saura uku su shiga su ga babu kowa su fita, bayan wata ɗaya kowa ya koma Free Fire. Na ga wannan ya fi sau biyar a garin nan.

Na uku kuma wanda ba a faɗa: shugabanci a gild yana ɓata zumunci. A fada kai da abokinka daidai kuke. A gild dole wata rana ka ce masa kai ba za ka shiga wannan harin ba don ba ka iya ba, ko ka cire shi daga riƙon rumbu. Baƙo in ka faɗa masa haka ya yi fushi ya fita, shikenan. Abokin fada in ka faɗa masa, gobe za ku zauna tabarma ɗaya ya miƙo maka kofin shayi yana kallon gefe. Wasa bai kai nan ba.

Abin da zan ba ku shawara, ku shiga gild ɗin nan tare, ko ku uku huɗu, ku gaya musu a fili cewa ku abokai ne daga Nijar. Gild na son ƙungiyar da ta zo a haɗe in dai ba ta zama gild cikin gild ba. Ku raba aiki tun yanzu: ɗaya ya koyi tanki, wato mai shiga gaba ya sha duka ya tara maƙiya wuri ɗaya, ɗaya ya koyi magani, sauran su yi duka. Kuma in kana son a riƙe ka da hannu biyu a kowane gild a kowane wasa, ka zama mai magani. Kowa na son ya zama mai takobi, masu duka sun yi yawa kamar yashi, amma hari ba ya tashi sai da mai warkarwa. Ni da rezon Zinder da tsohuwar kwamfuta abin da ya sa Turawa suka haƙura da ni shekaru kenan. Illarsa dai in aka mutu kai za a fara kallo.

Sai maganar da ta shafe mu mu kaɗai, lokaci da wuta da rezo. Ka duba sabar da kake kai, wato babbar kwamfutar kamfanin da wayarka ke haɗuwa da ita. Albion na da uku, ta Amurka, ta Asiya da aka buɗe a 2023, da ta Turai da aka buɗe a Afrilu 2024, kuma ba a ɗaukar hali, wato mutumin da kake bugawa da shi, daga wata zuwa wata, in ka canza daga sifili za ka fara. Mu ta Turai ta fi mana kusa, jinkirin ya fi sauƙi, kuma lokutansu sun fi dacewa da namu. Wata biyu ba wani nisa ba ne, in a ta Amurka kake gara ka sauya yanzu kafin ka yi nauyi. Lokacin wasan da agogon UTC, wato agogon duniya na bai ɗaya, ake faɗa, mu muna gaba da awa ɗaya, in sun ce 18 to ƙarfe 7 na yamma ne a nan, kaga ya faɗa tsakanin magariba da isha. In kuma da agogon Paris suke magana ka kula, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu ɗaya da su, daga ƙarshen Maris zuwa Oktoba sun fi mu da awa ɗaya. Na taɓa zuwa hari a makare da awa guda cur saboda wannan canjin nasu, ina ta rantsuwa ni na zo a kan lokaci.

Ka gaya musu tun ranar farko cewa kana tashi salla, minti goma, kuma da azumi lokacinka zai canza. Kar ka ɓoye ka riƙa ɓacewa ana tsakiyar yaƙi, wannan ne ke ɓata suna. A gwajina yawancinsu ba su da matsala da wannan, dama suna da hutun shan taba da na cin abinci, kuma gild na masu Faransanci da wuya ka rasa 'yan Aljeriya ko Maroko ko Senegal a ciki waɗanda za su tashi tare da kai. Wanda ya yi maka izgili kan salla ko kan Afirka kuma manya suka yi dariya ba su tsawata ba, ka fita ranar, kar ka tsaya gyara su. Akwai irin waɗannan, ba zan ɓoye maka ba, na taɓa zama sati biyu a wani gild da duk lokacin da na yi magana sai wani ya kwaikwayi harshena.

Wuta kuma, kai da ke waya ka fi ni sa'a, batir ne da kai. Ni ranar da ba zan manta ba muna kan dodon ƙarshe, saura kaɗan ya faɗi bayan sati uku muna fama da shi, ni ne babban mai maganin tanki, watan Afrilu ana zafin nan da ko fanka ba ta taimako, sai ɗif. Duhu. Kafin in tada gurup in dawo minti takwas, na tarar kowa a kwance. Na rubuta haƙuri hannuna na rawa. Shugaban harin, wani dattijo direban jirgin ƙasa, ya ce ba komai, daga yau in za mu shiga dodon ƙarshe za mu sa mai magani na biyu a kan tanki saboda wutar Zinder, aka yi dariya aka sake shiga. Gild ɗin nan na zauna da su shekara huɗu. Ka lura da wannan a satinka na farko: in wani ya yi kuskure aka mutu, me ake cewa? In ana neman abin da za a gyara, zauna. In ana neman wanda za a zaga, komai ƙarfinsu ba wurin zama ba ne. Kai dai ka cika batir kafin kiran yaƙi, ka cire wayar daga riga don zafi na sa ta yi nauyi, ka tabbatar forfe ɗinka ba zai ƙare a tsakiya ba, don Discord da wasa tare suna ja.

Wani abu game da mutanen da za ka tarar. Shi Bartle ɗin da na ambata ya rubuta a 1996 cewa 'yan wasa kala huɗu ne: masu son cin nasara da tara daraja, masu son yawo su gano lungu, masu son hira da mutane, da masu son farautar wasu 'yan wasan. Ba wahayi ba ne, mutum na iya haɗa biyu, amma yana taimakawa. Abin da na lura shi ne shugabanni suna raina masu hira, suna ganin ba sa kawo komai, alhali su ne ke riƙe gild. Akwai wata mata a gild ɗinmu, ba ta iya wasa sosai ba gaskiya, amma ita ce ta san wa ba shi da lafiya, wa ya rasa aiki, ita ke yi wa sabo sannu da zuwa. Da ta daina shiga, cikin wata biyu ɗakin hira ya zama maƙabarta, mutane na shiga lokacin hari kawai su fita, daga nan kuma sai suka fara tambayar kansu me ya sa ma suke zuwa. Kamfanonin da kansu sun gwada sauƙaƙa abin, a Disamba 2009 World of Warcraft ya kawo maɓallin da ke haɗa ka da baƙi kai tsaye ba sai ka nemi kowa ba, ya yi sauƙi ƙwarai amma sai ka gama kurkuku, wato ƙaramin hari, da mutum huɗu ko sallama ba ku yi ba. Da suka dawo da tsohon salon wasan a Agusta 2019 mutane sun yi layin awanni don su shiga, su koma wahalar da sai da jama'a.

Kiran yaƙi sau biyu a sati da ka ce kamar bauta, matsakaici ne, akwai masu kira kullum har da na tsakar dare. Amma ka auna da rayuwarka tun kafin ka yi alkawari, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in ka karɓi kayansu za su sa ran ganinka. In kana lise ko jami'a ko kana tsaron shagon wani, ka nemi matsayin ɗan gild na hutu in suna da shi, ka ce sau ɗaya za ka iya. Gild na da wata dabara ta sa ka ji kamar in ba ka zo ba duniya za ta tashi, ni sai da na kai ina ƙin zuwa gaisuwar rasuwa saboda hari kafin yayana ya zaunar da ni. Hukumar lafiya ta duniya ma ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, kuma alamar da suka fi dubawa ita ce wasa ya ture sauran al'amuran rayuwa mutum ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar.

Abu biyu da sauri. Kar ka ba kowa modpas ɗinka ko da shugaban gild ne ya ce zai ɗaga maka hali, dokar wasan ta hana kuma in an kwashe ka babu mai sauraronka. Kar ka sayi azurfa a hannun masu talla a waje da kuɗin gaske, ana rufe kont a kan haka. In wata rana kun gaji da Albion, Old School RuneScape na tafiya a ƙaramar waya kuma yana da ɓangaren kyauta, ƙungiyarsa na ɗaukar mutum 500, Final Fantasy XIV kuma yana da gwajin kyauta mai tsawo amma sai kwamfuta ko konsol, kuma mai gwaji ba ya iya shiga ƙungiya sai ya biya.

Ku yi wata shida a gild ɗin mutane, ɗayanku ya nemi ya taimaka wa ma'aji ya ga yadda ake rubuta shiga da fita, ɗaya ya riƙa sauraron mai kira har ya fara jan ƙaramin hari na mutum biyar da kansa. In bayan nan har yanzu kuna son naku, ku nemo 'yan Maraɗi da Yamai da Kano da Katsina masu bugawa, don kar wuta ɗaya ta kashe ku duka, ku rubuta dokar rabo kafin kayan farko ya faɗo, makullin rumbu mutum biyu kuma da iyaka. Lokacin ka turo min saƙo in ba ka tsohon teburin lissafin da nake amfani da shi, yana nan a wata kile in ban ɓatar ba. Ka kuma gaya min a wace sabar kake da makamin da kake riƙewa, don in sandar wuta ce irin ta kowa akwai magana.